Abin da Igiya Ta Dawo da Shi

Okbun tana cikin shanya kifi a kan waya, bayan rumfunan kasuwar bakin ruwa, sai ga Malsun tafe tana haki. Malsun mace ce mai jiki, ko gobara ake yi ba ta gudu, saboda haka tun kafin ta buɗe baki Okbun ta san da magana.

"Maigidanki ya kira ofishin tashar jiragen ruwa," in ji Malsun. "Ƙugiyar ta kama igiyar."

Okbun ba ta saki kifin da ke hannunta ba. Ta gama rataye shi, ta daidaita shi da na kusa, sannan ta tambaya ko an ga yaron. Malsun ta ce tukuna dai, a hankali suke ja, shi da tsoho Yongdal shugaban masunta, kuma ba za su iso ba sai rana ta karkata. Ta ƙara da cewa ta bar kifin nan haka, kuliyoyin kasuwa ma 'yan gari ne, yau dai su ci rabonsu.

Yaron da Okbun take nufi shi ne Dusik, ɗansu ɗaya tak, ƙato da ya haura shekara talatin amma a bakin uwarsa bai taɓa wuce yaro ba. Shi da babansa Gapsu sana'ar kakanni suke yi, kamun dodon koɗi na ƙasan teku. A garinmu ko wanda bai taɓa hawa jirgi ba ya san yadda aikin yake. Doguwar igiya ce guda, an jera mata kwandunan tarko, kowanne da ruɓaɓɓen kifi a ciki, don wannan halitta mushe take ci. Jirgi na gudu, igiya na warwara ta baya, kwanduna na faɗawa ɗaya bayan ɗaya zuwa zurfin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Abin da ake fara koya wa kowa shi ne kada ƙafarka ta shiga naɗin igiya. Dusik ya san wannan kamar sunansa. Amma ran nan raƙumin ruwa ya bangaji jirgin, ya taka inda ba a takawa, igiya ta zarge masa ƙafa. Ko ihu bai samu ya yi ba.

Gapsu, mutumin da furfura ta fito masa a kan teku, ya tsayar da jirgi ya kunna injin ja, ya buɗe masa wuta gaba ɗaya. Kowane masunci ya san igiyar da ke ɗauke da nauyin kwanduna lallaɓa ta ake yi, ba a fizgar ta. To amma wa zai tsaya lallaɓa igiya ɗansa na ƙarshenta? Ta tsinke. Wurin kuma gangare ne, ƙasan teku ya rufta a nan, sai igiyar ta zurma gaba ɗaya har da tutar alamarta.

'Yan sandan ruwa sun zo da jiragensu, har da mai saukar ungulu, suka yi ta shawagi suna duba saman ruwa, alhali ko kajin garin nan sun san ba a sama yake ba. Da kwanakinsu suka cika suka ba da haƙuri suka tafi. Okbun ta ɗauko 'yar bori daga cikin tsaunuka, aka yi kiɗa a bakin gaɓa, aka cika kwano da shinkafa aka rufe, aka ɗaure shi da dogon farin ƙyalle aka jefa a ruwa. In aka jawo aka tarar da gashin mutum a ciki, ko sili ɗaya ne, to kurwarsa ta biyo, sai a binne gashin hankali ya kwanta. Aka jawo, aka tona shinkafar ƙwaya-ƙwaya, babu komai. 'Yar borin ta ce yaron ya yi nisa ƙasa, ba ya jin kira.

Tun daga nan Gapsu bai sake zuba kwando ko ɗaya ba. Kullum da asuba sai ya ɗauki wata ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe ya fita, ya yini yana jan ta a ƙasan teku, ya dawo hannu rabbana. Okbun ta rufe rumfarta ta koma shanyar kifi. Tana ajiye masa abinci, tana wanke masa kaya, amma magana ba ta wuce "ga shi nan". Ba ta taɓa ce masa kai ka tsinke igiyar ba. Da ma ta faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ita abu ɗaya take nema a duniya, a fito mata da ɗanta tudu, ta sa shi a ƙasa, ta san inda za ta riƙa zuwa ta zauna.

Ta hau gida ta buɗe akwatin da ke saman kabad. Kamar kowace dattijuwa a garinmu, ta daɗe da ɗinka likkafanin zaren rama, riga da wando kamar yadda ake yi a nan, nata da na mijinta, ta adana. Ta ɗauko nata, ta duba, ta mayar. Dusik dogo ne. Na Gapsu ta naɗe a ƙyalle ta rungumo zuwa tasha.

Kafin ta sauko labari ya zaga gari. Matan kasuwa sun bar rumfunansu sun jeru a kan dakalin siminti, maza suna can gefe suna busa taba. Zafi ya fara shigowa, simintin na ƙona ƙafa. Wata ta kawo mata kujera ta ce, "Zauna mana, Maman..." sai ta haɗiye sauran. Haka suke yi mata tun da abin ya faru. Tun da ta haife shi ake kiran ta Maman Dusik, har yawancinsu sun manta sunanta na yanka, yanzu kuma sunan yaron ya yi musu nauyi a baki, sai su tsaya a tsakiya. Malsun ce kaɗai ba ta daina ba. Ta ce haba, yaro ya mutu ne, ba a ce ba a haife shi ba.

Asabar ce, baƙi daga Seul, babban birni, sun cika gidajen abincin da ke kallon ruwa, suna zaƙulo naman dodon koɗi da tsinke suna korawa da giya. Wasu daga cikinsu da suka ga taro sai suka taho da wayoyinsu a ɗage, wai ko wani babban kifi aka kama. Malsun ta yi musu kallo ɗaya, suka tuna abincinsu na hucewa.

Rana ta karkata sosai kafin jirgin ya shigo ta bakin katangar ruwa. A hankali yake tafe. Okbun ta miƙe da ƙullin likkafani a ƙirjinta, tana neman abu ɗaya a kan jirgin, dogon abu da aka lulluɓe. Ta ga kwanduna jibge, duk sun yi gansakuka. Ta ga Yongdal a gaba yana shirin jefo igiyar ɗauri, bai yarda ya dubi inda take ba. Dogon abu dai babu.

Gapsu ya sauko yana tafiya kamar wanda ya tashi daga ciwo. A hannunsa akwai guntun igiya da ya yanko, tsakiyarta ta ƙulle ta yi zarge, daidai kaurin idon sawun mutum.

"Na samu wurin," ya ce. "Ba ya nan."

Ya miƙo mata. Ya ce ya yanko ne ko za ta so a sa a kabari, tunda shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa jikin yaron. Okbun ta dubi zargen, ta dubi mijinta.

"Abin da ya kashe shi zan kwantar a makwancinsa?"

Wannan ce cikakkiyar magana ta farko da ta yi masa tun daga waccan rana, kuma kowa a tashar ya ji. Gapsu ya sauke hannu. Bai tafi ba, sai waiwayen jirgin yake yi. A nan ne Yongdal ya kasa haƙuri. Ya matso ya rage murya, ya ce mata ita da ke da hankali ta yi wa mijinta magana. Igiyar da ta ci mutum, abin da ke cikin kwandunanta ba ya taka tudu, a inda aka jawo shi ake mayar da shi, haka muka tarar. Sun zubar da komai, amma da suka zo kwandunan da ke dama da hagun zargen sai Gapsu ya kankane ya hana. Ga su can a akwati, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Okbun ta haura jirgin ba tare da ta jira a riƙe mata hannu ba. Ta ɗaga buhun. Rayuwarta duka a kan dodon koɗi ta ƙare, ta dafa, ta zaƙulo, ta yanka, ta sayar, amma irin waɗannan ba ta taɓa gani ba. Manya ne, kowanne ya kai dunƙulen hannu, ɓawonsu fari sol, nama ya cika har ya tumbatsa a baki. Kifin da aka sa a kwandunan kuwa ya ƙare tuntuni. Ba wanda ya faɗi abin da suka ci suka yi wannan ƙiba, ba kuma wanda bai sani ba.

"Ban iya zubarwa ba," in ji Gapsu daga bayanta. "Na ce sai kin gani. Abin da kika ce shi za a yi."

Yongdal ya ce ba maganar abin da ta ce ba ce, maganar gari ce. In labari ya kai Seul cewa an shigo da irin wannan kasuwarmu, wa zai sake sayen ko guda daga hannunmu? Gaskiya ya faɗa, kuma ba mugun mutum ba ne, shi kaɗai ya yarda ya riƙa bin Gapsu wannan nema da kowa ya ɗauka haukan baƙin ciki ne. Amma Malsun ba ta bari ya dire ba.

"Kai tsoho, haƙoranka sun fi ka kunya, su sun san lokacin tafiya. Wa ya ce maka sayarwa za ta yi?"

Okbun ta mayar da buhun ta rufe. Ta ce ba kasuwa za su ba, tudu za su hau. 'Yar bori ta nemi gashi sili ɗaya ba ta samu ba, ita ga abin da ta samu, kuma shi za ta binne. Can Yongdal ya cire hularsa, ya kama kunnen akwatin ɗaya, Gapsu ya kama ɗayan, suka ɗora a bayan motar Gapsu.

Maƙabartar zuriyar su Gapsu tana kan tudu a bayan gari, cikin itatuwa, tana fuskantar teku. Su biyu kaɗai suka hau, don Okbun ta ce ba ta son rakiya. Gapsu ya tsaya gaban kabarin iyayensa ya duƙa, ya gaya musu ya kawo jikansu, su yi haƙuri da yadda ya kawo shi. Sannan ya sauko ƙasa da inda aka bar musu shi da Okbun, ya fara haƙa. Ƙasar ta bushe, saiwoyi sun yi yawa, shi kuma tun asuba bai sa komai a cikinsa ba. Ta ga yana fama da shebur, ta kau da kai.

Ta shimfiɗa likkafanin a kan ciyawa, ta gyara hannayen rigar, ta miƙar da ƙafafun wandon. Sai ta fara ɗauko su ɗaya-ɗaya tana jerawa a ciki, daga ƙirji zuwa ƙasa. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, tana gaya masa ga kakansa can, ga kakarsa, ga inda ita za ta zo ta kwanta, ba nisa.

Ba ta kai rabi ba ta ga na farkon ya motsa. Ya turo murfin bakinsa, ya fito da farin namansa, ya miƙa 'yan ƙahonninsa biyu yana laluben iska. Na kusa da shi ma haka. Kafin ka ce me, duk ƙirjin likkafanin motsi yake, suna juyi, suna fitar da kumfa, suna barin danshi a kan ramar. Ta san wannan motsin, ruwa suke nema. Wanda ke hannunta ya fito ya manne a tsintsiyar hannunta, sanyi ƙalau, ya riƙe gam.

Ta zauna daɓas. Sau dubu nawa ta zuba irinsu da rai a tafasasshen ruwa tana hira da Malsun, ko a jikinta? Amma yau ta dubi ramin da Gapsu ke haƙa, ta dubi busasshiyar ƙasar da za a tura a kansu, sai wani kuka ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kawo labari.

"Baban Dusik, tsaya. Suna da rai."

Gapsu ya dogara da shebur. Ya ce ai ya sani, amma ba za su daɗe ba, zafin nan zai gama da su kafin ya gama ramin, sai a rufe.

"In zauna ina kallo ya sake mutuwa?"

Ya fito daga ramin ya tsuguna kusa da ita. Ya ce bari ya faɗa mata gaskiya, ƙila ma ba su taɓa yaron ba. Ƙasan can akwai ƙaguwa, akwai wasu halittu barkatai, kuma ruwa na tafiya. Shi ma bai sani ba, zuciyarsa ce kawai ta hana shi zubarwa. Okbun ta ce ta sani, ba yarinya ba ce ita. Amma tun da yaron ya tafi, wannan ne abu na farko da ya fito daga inda yake, kuma da rai ya fito.

Gapsu ya ce to a mayar da su teku, jirgi na nan da mai a ciki, kafin duhu zai kai su daidai wurin.

"A'a," ta ce. "Teku ta karɓa sau ɗaya. Ba zan ba ta da hannuna ba."

Ta fara kwashe su daga likkafanin da sauri tana mayarwa akwati. Gapsu ya tsaya yana kallon ta, bai gane ba, har sai da ta ɗago ta ce masa me yake jira, ya jiƙa buhun da sauran ruwan shansu ya tayar da mota. Ramin suka bar shi a buɗe, shebur a ciki.

Kasuwa ta fara watsewa lokacin da suka shigo ta ƙofar baya. Malsun tana wanke daɓen rumfarta, ta ga akwatin, ta ga ƙasa a gwiwoyin Okbun, ta ga an nufi rumfar da ta daɗe a rufe. Wannan karon bakinta bai yi gaba ba. Ta ajiye tsintsiya ta zo ta taya ɗaga ƙyauren, sannan ta tsaya a bakin ƙofa da faɗin jikinta ta tare. Ta ce in Yongdal ya tambaya, ita da idonta ta ga an binne, ta ga wanda zai ce mata ƙarya take.

A cikin rumfar akwai akwatin gilashi da ake ajiye kaya da rai kafin a sayar, ya bushe har ƙura ta kwanta a ƙasansa. Okbun ta goge shi da hannun rigarta, ta buɗe famfon ruwan teku, ta jira ya cika. Ta riƙa sa su ciki ɗaya-ɗaya, ba ta saki sai hannunta ya kai ƙasa. Suka kwanta a gefe yadda ta ajiye su, nama a waje, lanƙwas. Biyu ko uku ta san sun riga sun tafi, amma ta sa su tare da 'yan'uwansu.

Gapsu ya tsoma hannu ya girgiza kai. Ya ce wannan ruwan bakin gaɓa ne, rana ta yini tana dafa shi. Can ƙasa inda suka fito, ruwa saura ƙiris ya zama ƙanƙara, in ba a kai musu shi haka ba, ba za su ga safiya ba. Ya miƙa hannu zai kunna injin sanyaya ruwan da ke gefen akwatin, ta ture hannun.

Ta kama maɓallin da kanta, amma ta kasa murɗawa. Tun ranar da aka haifi Dusik ba ta taɓa yi masa wanka da ruwan sanyi ba. Ko da ya zama ƙato yana dawowa daga teku da warin kifi, tarar da ruwan zafi yake yi tana jiran sa, yana dariya yana cewa Mama za ki dafa ni.

Ta murɗa kaɗan. Injin ya yi tari ya kama.

"Ƙara," in ji Gapsu a hankali.

Ta ƙara.

"Sai kin kai ƙarshe, Maman Dusik."

Ta murɗa har maɓallin ya ƙi tafiya. Ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashin ta bar shi a nan, tana jin sanyin na shigowa sannu a hankali, har gilashin ya fara gumi, har yatsunta suka fara ciwo. Can a kusurwa ɗaya ya juya, ya kafa namansa a ƙasa, ya fara ja da jiki.

"Yi haƙuri, yaro," ta ce. "Ka daure."